Adalci a Rabon Kuɗin Jinyar Masu Taɓin Hankali: Darasi Daga Jihar Kalifoniya

Gabatarwa

Duk inda aka ce za a yi rabo, to akwai magana a gaba. Ko gado ne, ko naman layya, ko kuwa kuɗin baitulmali, da wuya a watse ba a sami wanda ya ga an ƙware shi ba. Amma wanda ya fi ba ni tausayi a sha'anin rabo shi ne wanda ba ya iya zuwa wurin da ake yi, balle ya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa. Mai taɓin hankali yana cikin irin waɗannan bayin Allah, haka nan maraya, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Rabonsu yana hannun wanda ya rubuta ƙa'idar rabo, in ya ga dama ya tuna da su, in ya ga dama ya manta.

Saboda haka na ga ya kamata in kawo wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai labarin wata jiha ta ƙasar Amurka, watau Kalifoniya, wadda ta yi fiye da shekara 60 tana fama da tambaya guda: ta yaya gwamnatin jiha za ta raba wa gundumominta kuɗin jinyar masu taɓin hankali da na ayyukan jin daɗin jama'a ba tare da an danne kowa ba? Na zaɓi wannan jiha ne don tana da arziki ƙwarai da gaske, ba wanda zai ce talauci ne ya kawo mata rikicin. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne duk ƙa'idar rabon da aka gina bisa abin da kowa ya saba samu jiya, to rashin adalcin jiya take rayawa, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Jihar da gundumominta

Jihar Kalifoniya tana da gundumomi 58, waɗanda su can suke kira kawunti. Gunduma a wurinsu ta yi kama da ƙaramar hukuma, sai dai kayan da aka aza mata ya fi nauyi. Ita ce ke riƙe da kurkukun yankinta, ita ke kula da yaran da kotu ta raba da iyayensu, ita ke tafiyar da taimakon matalauta, ita ce kuma ke jinyar talakan da ciwon hankalinsa ya yi tsanani. Dokar jihar ta daɗe da ɗora wa gunduma alhakin duk matalaucin da ya rasa mai taimakonsa. Watau dai gunduma ita ce ƙofar ƙarshe, in ta rufe ba sauran wata.

Gundumomin nan kuwa ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A ƙidayar shekarar 2020, jihar tana da mutum wajen miliyan 39 da rabi. Gundumar Los Anjelis kaɗai tana da miliyan 10, alhali gundumar Alpine da ke cikin duwatsu mutanenta ba su wuce 1,200 da 'yan kai ba. Akwai gundumomin bakin teku masu manyan kamfanoni da tsadar gidaje, akwai kuma na tsakiyar jihar, irin su Fresno, inda noma ne sana'a, leburorin gona kuma suka yi yawa. Duk wanda aka ba wuƙa ya raba wa waɗannan nama, lalle an ba shi aiki.

Kawo naka in ƙara maka

Kafin shekarar 1957 jinyar mai taɓin hankali aikin jiha ne. Akan ɗauke mutum daga garinsu a kai shi ɗaya daga cikin manyan asibitocin jiha a rufe, wani ya yi shekaru, wani kuwa sai gawarsa. A ƙarshen shekarun 1950 akwai mutum wajen 37,000 a cikin waɗannan asibitoci. Ana nan sai aka sami sababbin magunguna masu kwantar da hankalin majinyaci, masana kuma suka fara cewa gara a yi wa mutum magani kusa da danginsa. Wannan ne ya haifar da dokar 1957 wadda ake kira da sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, Short da Doyle. Dokar ta ce duk gundumar da ta buɗe wurin jinya a yankinta, jiha za ta biya mata rabin abin da ta kashe. Ba a tilasta wa kowa ba. Daga baya aka ɗaga kason jiha zuwa kashi 75 cikin 100, sa'an nan zuwa kashi 90 a ƙarshen shekarun 1960. A 1967 kuma Gwamna Regan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a wata doka da ta hana a tsare majinyaci har illa ma sha Allahu ba tare da bin ƙa'idar shari'a ba. Daga nan asibitocin jiha suka yi ta raguwa, majinyata suka koma gundumominsu.

In mutum ya dubi wannan tsari sama-sama zai ce ai ba abin da ya fi shi adalci, tun da ƙa'ida ɗaya aka shimfiɗa wa kowa. To, amma sai mai dala yake iya ajiye dala a ƙara masa. Gundumomin da ke da wadata da likitoci su suka fara shiga, suka gina wuraren jinya, suka ɗauki ma'aikata, kasafinsu ya yi ƙiba. Matalautan gundumomi suka makara, wasu suka shiga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Sa'ad da aljihun jiha ya fara ƙunci, sai kasafin kowace gunduma ya zama ana ɗora shi bisa na bara, mai babba ya ci gaba da babba, mai ƙarami ya ci gaba da ƙarami.

Wata dama ɗaya da ta rage wa gundumar da aka bari a baya ita ce ta ƙara harajin gidaje da filaye ta cim ma 'yan'uwanta. Wannan ma sai ta kuɓuce. A watan Yuni na 1978 jama'ar jihar suka jefa ƙuri'a a kan wata shawara mai lamba 13, suka ƙayyade harajin gida da fili kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa. Kuɗin da ake samu daga wannan haraji ya faɗi da fiye da rabi. Da majalisa ta zo raba abin da ya saura a 1979, sai ta bi kason da kowace hukuma take samu kafin ƙuri'ar. Nan ma jiya aka duba aka yanka wa gobe.

Gyaran 1991

A shekarar 1991 kasafin jihar ya sami giɓin dala wajen biliyan 14. Gwamna Pete Wilson da majalisa suka yi wani babban gyara. Suka miƙa wa gundumomi nauyin jinyar masu taɓin hankali kusan gaba ɗaya, suka ƙara musu kaso a cikin kuɗin ayyukan jin daɗin jama'a da na lafiya. Domin su iya ɗaukar kayan, aka ƙara rabin kwabon dala a harajin saye da sayarwa, aka kuma ƙara kuɗin lasin mota, aka ce waɗannan kuɗi na gundumomi ne, ba sai sun je Sakaramento, babban birnin jihar, suna roƙo kowace shekara ba.

Ban ƙi yabon wannan gyara ba, don ya yi amfani. Gunduma ta san kuɗinta, ta sami ikon tsara aikinta, abin da ta rage bana kuma tana iya ajiye shi don baɗi. Amma da aka zo tambayar nawa za a ba kowa, sai aka buɗe tsohon littafi, aka ba kowace gunduma gwargwadon abin da take samu a lokacin. Masu dokar sun san akwai ƙwara a ciki, shi ya sa suka keɓe wani ɓangare na ƙarin da haraji zai riƙa yi don cike wa waɗanda aka bari a baya. Ma'aunin da suka ɗauka kuwa mai kyau ne: a dubi kason gunduma a yawan jama'ar jihar da kasonta a yawan matalauta, sa'an nan a gwada da kasonta a kuɗi. Sai dai an yi wa kuɗin cike giɓin iyaka, kuma daga ƙari kaɗai ake ɗibarsa, ba a taɓa uwar kuɗin.

Jama'a kuwa ba su zauna inda aka bar su ba. Tsadar gidaje a bakin teku ta yi ta kora masu ƙaramin ƙarfi zuwa cikin ƙasa. Gundumar Riverside tana da mutum wajen miliyan 1.2 a 1990, amma a 2020 sun haura miliyan 2.4, watau sun ninka. San Faransisko kuwa daga wajen 724,000 ta koma wajen 874,000 a wannan tsakani. Ma'aunin da aka tsayar a 1991 ba ya ganin wannan ƙaura. Daɗin daɗawa, yankunan nan na cikin ƙasa su ne suka fi ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa in aka gwada da yawan jama'arsu, yankin San Faransisko kuwa ya fi kowa.

Har wa yau akwai wata ƙwarar a ɓoye. Dokar ta ce in harajin saye da sayarwa ya ƙaru, a fara biyan ƙaruwar da aka samu a ayyukan jin daɗin jama'a, kamar riƙon yara da kula da tsofaffi da naƙasassu a gidajensu, abin da ya yi saura shi za a raba wa sauran. Waɗannan ayyuka kuwa kullum ƙaruwa suke yi, saboda haka shekaru da yawa ɗan kaɗan ne yake isa ga masu taɓin hankali. An haɗa maraya da majinyaci a akushi ɗaya, aka ce wannan ya fara ci. Ban ga laifin marayan ba, laifin na wanda ya zuba tuwon ne. Bugu da ƙari, a shirin jinyar talakawa da ake kira Medi-Cal gwamnatin tarayya takan biya rabin kuɗin aiki ko fiye, amma sai gunduma ta ajiye nata kason. Gundumar da aka ƙware a gida sai ta sake yin hasara a wajen tarayya. Wannan shi ne kashin dankali, babba a kan ƙarami.

Ciwon da ba ya jiran kaka

Akwai wani gefe na adalci wanda ba a cika maganarsa ba, watau ɗorewar kuɗin. A nan ina magana ne da abin da na gani da idona. Ina da wani baffa da wannan lalura ta same shi tun yana saurayi. Muddin yana shan maganinsa, yakan je gona, ya yi salla cikin jam'i, ya yi wasa da 'ya'yan ƙannensa, baƙo ba zai taɓa cewa yana da wani ciwo ba. Amma asibitin da ake karɓo maganin tafiyar yini ce, kuɗin mota da na magani kuwa daga amfanin gona suke fitowa. Shekarar da damina ta yi gardama sai maganin ya yanke wata biyu ko uku, kafin a ankara an koma gidan jiya, har abin ya fi na da muni. Kuɗin da akan kashe kafin a shawo kansa ya ninka na maganin da aka rasa sau da yawa, ban da wahalar kakata wadda ba ta runtsawa sai ya yi barci. Tun daga nan na gane jinyar wannan ciwo ba ta son yankewa.

To, harajin saye da sayarwa da kuɗin lasin mota damina ce irin ta Turawa. In kasuwa ta yi kyau su cika, in ta faɗi su ƙafe. Lokacin da kasuwa ta faɗi kuwa shi ne lokacin da mutane ke rasa aiki da gidaje, damuwa ta yi yawa, masu neman taimako su cika ƙofar gunduma. Haka aka gani bayan karyewar tattalin arziki ta 2008. Gunduma mai wadata takan cike da kuɗin aljihunta, matalauciya kuwa sai ta rage ma'aikata. Majinyacin da aka sallama ba ya ɓacewa, yakan bayyana a bakin titi, ko a ɗakin taimakon gaggawa, ko a hannun 'yan sanda. Ba banza ba ake lissafa kurkukun gundumar Los Anjelis cikin wuraren da suka fi tara masu taɓin hankali a duk ƙasar Amurka.

Harajin masu miliyan

A watan Nuwamba na 2004 jama'ar jihar suka amince da shawara mai lamba 63, wadda wani ɗan majalisa mai suna Darrell Steinberg ya jagoranta. Ta ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kan duk abin da mutum ya samu a shekara sama da dala miliyan 1, aka keɓe kuɗin don lafiyar ƙwaƙwalwa. A wannan karo an yi ma'auni mai ma'ana. An dubi yawan jama'a, da yawan matalauta, da ƙiyasin yawan masu ciwon, da tsadar rayuwa a kowane yanki, aka kuma yanka wa ƙananan gundumomi wani mafi ƙarancin kaso. Wannan ya nuna ashe ana iya auna bukata in an so. Amma sabon kuɗin kaɗai aka auna da sabon mudu, tsohon yana nan a tsohon mudunsa. Ga shi kuma samun attajirai ya rataya ne a kan kasuwar hannun jari, wadda ta fi kowace kasuwa hawa da sauka.

Su ma gundumomin ba a wanke su tas ba. A 2018 mai binciken kuɗi na jihar ya ba da rahoton cewa sun tara fiye da dala biliyan 2 na wannan haraji ba su kashe ba. Suka ce tsoron shekarar fari ne ya sa su ajiya. Akwai gaskiya a maganarsu, amma majinyacin da ke kwana a ƙarƙashin gada ba zai gamsu da ita ba. A watan Maris na 2024 kuma, bisa jagorancin Gwamna Gavin Newsom, aka amince da shawara mai lamba 1 da ƙyar da jiɓin goshi, ƙuri'un amincewa ba su wuce rabi da kome ba. Ta ba da izinin cin bashin dala biliyan 6.38 don gina wuraren jinya da gidaje, ta kuma umarci gundumomi su kashe kashi 30 cikin 100 na kuɗin harajin a kan samar da muhalli, ko da yake an bar wa ƙananan gundumomi ƙofar neman sassauci. Gundumomi da dama sun yi ƙorafi cewa za a rage wasu ayyukan jinya don a cika wannan umarni. Ni dai ina ganin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da ke damun babban birni ba lalle ne shi ke damun ƙauyen kan dutse ba.

Mene ne adalcin?

Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a raina ta. Babban birni zai ce albashin likita da kuɗin haya sun fi tsada a wurinsa, marasa galihu kuma daga ko'ina shi suke nufa. Ƙaramar gunduma za ta ce ko mutum 1,000 gare ta dole ta ajiye mai amsa kiran gaggawa dare da rana, ga nisan tafiya. Gundumar da ta riga ta yi gini za ta ce in aka rage mata, majinyatan da ke hannunta za a kora. Wadda aka bari a baya kuwa za ta ce haƙurin ya isa haka.

Bayan na auna waɗannan duka, ga inda na tsaya. Da farko, a yanka wa kowace gunduma abin da zai ishe ta buɗe ƙofa, kome ƙanƙantarta. Sauran kuɗin a raba shi bisa yawan mabukata da tsadar aiki, a kuma sake awo duk bayan ƙidaya, don kada ƙa'ida ta tsufa a bar ta tana mulki. Kada a ƙwace na wanda ke da majinyata a hannu dare ɗaya, amma duk ƙarin da aka samu a fara da na baya har sai ya kamo, ba tare da an yi wa abin iyaka ba. Ajiyar shekarar fari kuwa jiha ce ya kamata ta riƙe wa kowa, tun da rumbunta ya fi girma. Sa'an nan kowace gunduma ta bayyana wa jama'a mutum nawa ta yi wa jinya da kwana nawa suka jira kafin su ga likita. Adalcin da nake nufi ana auna shi ne a kan majinyaci: mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya a Fresno ɗaya a San Faransisko, su sami kulawa mai kama da juna.

Kammalawa

Wani zai ce ina ruwanmu da rabon da ake yi a bayan teku? Ruwanmu shi ne mu ma masu rabo ne. Ƙa'idar raba kuɗi tsakanin jihohin Nijeriya tana ba da kashi 40 cikin 100 daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da ayyukan kyautata rayuwa da ƙoƙarin tara haraji. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, a watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Duk ranar da aka zauna tsara yadda jinyar masu taɓin hankali za ta sauko kusa da jama'a, tambayoyin da suka sha kan Kalifoniya za su taso, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuskuren da aka yi a rabon farko shi ne ya fi wuyar gyara, don da zarar mutum ya saba da kasonsa sai ya ɗauke shi gado.

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a aji yau, gobe su ne za su riƙe alƙalami a ma'aikatu da majalisu. Roƙona gare su shi ne in an miƙo musu takardar rabo, kafin su tambayi nawa aka ba kowa bara, su tambayi mabukata nawa ne bana, kuma a ina suke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya kuma ba shugabanni ikon yin adalci, amin.